Gwaggo, Fumfuna Ta Cinye Mana Banɗaki, Wakilin Mai Gida Ya Ce Ƙazantata Ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce mai ɗa ɗaya. Muna haya a Kano, a wani gida da aka yanka kashi huɗu. Namu ciki da falo ne, banɗakin kuma yana cikin uwar ɗaka. An ce da can babu shi, daga baya aka datsi ɗakin aka fitar da shi. Taga ɗaya gare shi, 'yar mitsitsiya can sama, tana kallon lungun da ke tsakaninmu da katangar maƙwabta, lungun da ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba.

Ranar da muka tare, fenti sabo fil, har ƙanshinsa bai tafi ba. Damina ta farko ba ta ƙare ba sai ga baƙi-baƙi a kusurwar silin. Daga baya wani ya ɓullo a bangon da famfo yake, ya yi ta faɗi, yanzu har ya ratso ta ɗaya gefen, bayan durowar kayanmu. Takalman Abban yarona da jakunkunan lefena duk sun yi fari-fari, ɗakin kuma wari yake kamar an rufe jiƙaƙƙen tsumma a buhu. Turaren wuta har na gaji da saye. Na wanke bangon ya fi sau goma, kwana kaɗan ya dawo. Ko da hunturu bangon famfon nan bai bushe ba. Watan jiya takaici ya sa na haɗa bilic da ruwan wanke shaddar banɗaki a bokiti ɗaya, na ce yau sai na ga bayanta. Wallahi Gwaggo da rarrafe na fito, ina tari idona yana zubar da ruwa, sai da maƙwabciyata ta ɗura mini manja.

Yarona shekararsa uku, ya fi wata biyu yana tari, musamman da dare. Mun yi wa wakilin mai gidan magana sau uku, ya ce gidan lafiya lau aka ba mu, rashin tsafta ne. Surukata ma da ta zo ta leƙa, ba ta ce komai ba, amma na ga kallon. Saura wata uku kuɗin hayarmu ya ƙare. Mijina ya ce ba zai sake biyan ko sisi ba sai an gyara. Ni kuma tsoro nake ji a kore mu. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da bokitin nan naki, domin shi ne ya hana ni barci ranar da na karanta wasiƙarki. Ki gode wa Allah da kika samu ƙarfin rarrafen. Yawancin ruwan wanke shadda asid ne a cikinsa, kuma duk lokacin da bilic ya haɗu da asid, iskar kulorin ce take tashi. Ita ce iskar da aka sakar wa sojoji a filin daga a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ke kuma kika kunna ta a ɗakin da tagarsa ba ta kai faifai ba. Khal ma asid ne, lemon tsami haka. Idan kuma bilic ya haɗu da abin da ke da amoniya, har da tsohon fitsarin da ya kwana a fo ɗin yaro, wata mugunyar iskar ce take fitowa. Bilic ba shi da aboki sai ruwan sanyi. Maƙwabciyarki ta yi niyyar alheri, Allah ya saka mata, amma manja ciki yake tafiya, gubar kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya shaƙi irin wannan, a fitar da shi iska, a wanke masa ido da ruwa mai yawa, in numfashi yana yi masa nauyi a kai shi asibiti a take. Ɗura wa mai tari mai yana iya sa ya ƙware, a ƙara wa Borno dawaki.

To, sai batun ƙazanta. Na yi aikin duba-gari shekaru masu yawa kafin gwiwa ta ce in zauna, na shiga banɗakunan da ban san adadinsu ba. Na ga na ƙazamai tuburan da babu ɗigon fumfuna a cikinsu saboda a tsakar gida suke, rana tana dukansu. Na kuma ga na mata masu tsafta kamar su lashe ƙasa, amma bango baƙi ƙirin. Fumfuna ba ta tambayar sau nawa kike shara. Ruwa take bi. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska ko'ina, a gidanki da nawa da na surukarki, ido ba ya ganinsu. In suka sauka a busasshen wuri, shi ke nan. In suka sauka a wuri mai laima, cikin awa 24 zuwa 48 suna iya fara tsiro, su ci fenti, su ci ƙurar da ta manne, su ci dattin sabulu, su ci katako da kwalin silin. Dangi ɗaya suke da wadda ke hawa burodi da wadda ke ɓata gyada a rumbu. Kin taɓa jin an ce gyada ta yi fumfuna don mai ita ba ta wanka? An adana ta ne ba ta gama bushewa ba.

Saboda haka wankin nan da kika yi sau goma, an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin tambaya guda ne: daga ina ruwan yake zuwa? Amsar ita ce za ta gaya miki maganin, ita ce kuma za ta gaya miki aljihun wa ya kamata ya yi kuka.

Ni ma na taɓa shan wannan wahalar, shi ya sa nake magana da ƙarfi. A daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, muna haya a wani gidan siminti, ina goyon ta biyu. Bangon kewayenmu ya yi baƙi tun daga sama har ƙasa. Ni da nake zagawa gidajen mutane ina yi musu faɗan tsafta, ga nawa yana neman kunyata ni. Damina uku ina gurza. Rannan ana tsaka da ruwa na fita kwashe shanya, sai na zagaya bayan gidan. Ashe indararon maƙwabcinmu ne ya karkace, duk ruwan rufinsa a bangonmu yake sauka kamar an buɗe famfo. Wani yaro mai gyaran kwano ya miƙe shi kafin a kira la'asar. Ban sake ganin baƙin nan ba har muka tashi. Shekara uku na ɓata ina kallon bango ta ciki, maganin yana waje.

Ke kuwa kin riga kin ba ni rabin amsar ba ki sani ba. Kin ce ko da hunturu bangon famfon bai bushe ba. A Kano, a watan Agusta, lokacin marka, laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100, fumfuna kuwa tana jin daɗinta da zarar an wuce kashi 60. Amma a Janairu, da rana, laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20. Lokacin ne leɓe yake tsagewa, kaushi ya farfashe, ki shanya zani kafin ki juya ya bushe. Bangon da ya ƙi bushewa a irin wannan lokaci, ba damina ce ke jiƙa shi ba, ba kuma tururin wankanku ba. Wani abu ne yake shayar da shi dare da rana. Ruwa ba ya tsami banza. Zargina ya fi ƙarfi a kan bututun da aka binne a cikin bangon lokacin da aka datsi ɗakin. Irin wannan banɗaki na daga baya, sau da yawa a gurguje ake yinsa don a ƙara kuɗin haya: a fasa bulo, a cusa bututun roba, a shafa gam a mahaɗa, a liƙe da siminti ba tare da an saki ruwa an gwada ba. Mahaɗa ɗaya ta yi ɗan tsatsafo, shi ke nan, bango ya samu abin sha har abada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma zargi ba hujja ba ne, kuma wakilin mai gida ba zai saurari zargin wata tsohuwa a mujalla ba. Ga yadda za ki tabbatar da kanki, ba tare da kin kashe abin da ya wuce kuɗin salatif ba. Ki goge wani wuri a bangon ya bushe, ki yanko leda mai kauri mai faɗin tafin hannu biyu, ki manna ta, ki liƙe gefunan huɗu ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana biyu. In kika ga raɓa a bayan ledar, ta gefen da ke kallonki, tururin cikin ɗakin ne yake sauka a bango. In kuwa kika ɓare kika tarar da ruwa tsakanin leda da bango, ko simintin wurin ya yi duhu ya jiƙe, to daga cikin ginin yake fitowa. Ki ɗauki hoto kafin ki ɓare da kuma bayan kin ɓare.

Idan gidan da tankin sama, ku haɗa baki da sauran 'yan hayar dare ɗaya. A cika tanki, a yi alama a inda ruwan ya tsaya, kowa ya ɗebi na buƙatarsa tun da wuri, a kulle duk famfuna, kada wanda ya ja ruwan shadda. Da asuba a duba. Ruwan da ya sauka alhali babu wanda ya taɓa shi, wani wuri ya tafi. In akwai makunnin da ke tsayar da ruwan ɓangarenku kaɗai, ku kulle shi mako biyu ku koma ɗiba a bokiti. In bangon ya fara haske, kin kama ɓarawon.

Na silin kuma labarinsa daban, tunda da damina ya fara. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ki haska fitila ki duba ko tabon ya ƙara duhu ko faɗi, ko silin ɗin ya yi ciki. Mijinki ya samu tsani ya leƙa saman: ƙusar kwano da ta saki, kwanon da ya yi tsatsa, ko tankin da ke ambaliya idan an manta ba a kashe injin ba. Ku kuma shiga lungun nan da kika ce akuya ba ta juyawa. Irinsa ne matattarar ruwan rufi biyu, ba rana, ba magudana, wani lokaci ma bangon ta waje ko filasta ba a yi masa ba, bulo ne tsirara yana shan ruwa kamar soso. In kuma kika ga jirwaye ya taso daga ƙasa, ya kai kamar ƙugu ya tsaya, fenti yana kumbura, da wani farin gari kamar kanwa, wannan laimar ƙasa ce take hawa ta harsashin ginin, ko kwata ko sokawe suna kusa. Farin garin gishirin siminti ne, in kika murza shi zai ruguje, in kika sa masa ruwa zai narke. Fumfuna kuwa shafewa take yi a yatsa, ga wari.

Duk waɗannan, bututu, rufi, filasta, harsashi, ba ke kika gina su ba.

Amma kada in yi miki daɗin baki, ke ma da naki kason. Na san banɗakunanmu. Saboda famfo ba shi da tabbas, akwai baho cike da ruwa a kusurwa, ga jarkokin 'yan ga-ruwa, ga bokitin wankin yaro da aka jiƙa tun jiya, ga tawul a rataye a ƙusa, ga tabarmar ƙafa da ba ta taɓa ganin rana ba. Ƙofa kuma a rufe ruf dare da rana, domin haka muka taso, ba a barin ƙofar bayi a buɗe. Tagar ma na ci amana an toshe ta da kwali saboda sauro ko masu leƙe. Ki cire kwalin a sa raga. Ki rufe duk mazubin ruwa da murfi. Tawul da soso su fita igiya. In an gama wanka a kore ruwan ƙasa da tsintsiya ko abin jan ruwa har ya faɗa rariya, a goge tayil da busasshen tsumma. Aikin minti biyu ne. Lokacin wanka ki rufe ƙofar don kada tururi ya shiga uwar ɗaka, bayan an gama ki buɗe tagar ɗakin, ki buɗe ƙofar banɗakin na kamar rabin awa, in da wuta ki juya masa fanka. Ki janye durowar nan daga bango, ki bar tazarar da hannu zai shiga ya fita. Turaren wuta kuwa ki ajiye shi don ranar girki. Hancinki kawai yake yaudara, hayaƙinsa kuma ƙara wa yaron tari yake yi.

Yanzu wankin. Ki kai yaron gidan maƙwabta, ki buɗe duk abin da ke buɗuwa. Ki sa safar hannu ta roba da takunkumi, in kin samu mai kauri irin na ma'aikatan asibiti ya fi, in da tabarau ki saka. Kada ki kankare ta a bushe, kada ki share ta da tsintsiya, domin watsa irinta za ki yi a iska ki shaƙa. Ki jiƙa wurin da ruwan omo, ki gurza da burushi, ki ɗauraye. Gurzar nan ita ce ainihin aikin. Bayan kin ɗauraye omon tas, sai ki zuba bilic kofi ɗaya, kada ya wuce haka, a ruwan sanyi lita 4, ki shafa a tayil da layukan farin simintin da ke tsakaninsu, ki ba shi minti 10, ki ɗauraye, ki busar. Tsohon burushin haƙori yana shiga layukan da kyau. In warin bilic yana damunki, farin khal zalla ma yana aiki a ƙananan wurare, amma a wata rana daban, da wani bokiti daban. Takalma da jakunkuna ki fitar da su tsakar gida ki goge su a can, su sha iska sosai kafin su koma. Tufafin da suka kama, wanki da rana mai zafi.

Sai dai ki sani, bilic yana da wayo irin na ɗan kasuwa. A kan tayil yana kashewa. A kan filasta mai shan ruwa ko kwalin silin, yakan cire launin ne a sama, ki ga fari tas ki yi murna, alhali saiwar tana ciki. Silin ɗin da ya jiƙe ya yi laushi ba shi da wanki, sai a cire a sa wani. Kuma masana sun ce in wurin da ya kamu ya wuce kamar ƙafa 3 tsawo da ƙafa 3 faɗi, ya fi ƙarfin aikin mutum ɗaya da soso. Naki da ya ratsa bango ya fita ɗaya gefen ya wuce nan. Ki wanke don a samu sauƙin numfashi kafin gyara, amma kada ki ɗauka wankin ne gyaran.

In an zo gyara, ki buɗe ido a kan abu ɗaya: fenti. Kin ce ranar da kuka tare fenti sabo fil. Na rantse miki da wuya in ba a kan tsohuwar fumfuna aka shafa shi ba. Shi ne maganin da masu gidan haya suka fi so, domin ya fi araha kuma yana kai su har a karɓi kuɗin shekara. In wakilin ya turo mai fenti kafin mai gyaran famfo, ki ba shi ruwa ya sha, ki ce ya dawo. A toshe ruwan tukuna, a bar bango ya bushe har cikinsa, wanda yakan ɗauki makonni, a kankare filastar da ta ruɓe, sannan a yi maganar fenti. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daga Nuwamba zuwa Maris.

To, ga masu gida biyu a gabanki, na aure da na haya, kowanne sai an bi da shi.

Ki gaya wa na aure, cikin ladabi, Gwaggo ta ce kada ya riƙe kuɗin haya. Na fahimci zuciyarsa, amma ranar da ya ƙi biya, ranar ya miƙa wa mai gidan sandar dukansa. Maganar za ta tashi daga bango mai yoyo ta koma ɗan haya mai taurin bashi, kuma ko gaban wa aka je, da wannan za a fara. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya, sanannen zance shi ne: in gidan haya ya samu aibi mai cutarwa, irin yoyon rufi, mai haya yana da zaɓi, ko ya warware yarjejeniya ya tashi, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya yana kansa. Ƙarfinku ba a riƙe kuɗi yake ba. Yana cikin wata ukun nan da suka rage, domin mai gida bai fi sauraron ɗan haya ba kamar lokacin da yake jiran kuɗin sabuwar shekara.

Ku ɗauko takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, in akwai, ku karanta abin da ta ce game da gyara. In ba ta ce komai ba, abin da aka saba shi ne ƙananan abubuwan da amfani ke cinyewa, kan famfo, ƙwan fitila, sakata, na ɗan haya ne, jikin gini kuwa na mai gini. Sannan ku daina maganar baka. Sau uku kun faɗa, iska ta kwashe. Mijinki ya rubuta, ko a takarda ko ta WhatsApp, ya haɗa da hotuna masu kwanan wata, har da na ledar nan. Kada a yi zagi, kada a yi barazana. A faɗi ranar da abin ya fara, abin da aka gwada, abin da aka gani, a nemi a turo mai gyara cikin mako biyu. Ku kira mai gyaran famfo da kanku ya duba ya rubuta kiyasin kuɗin aiki, amma kada ya fasa ko bulo ɗaya sai mai gidan ya yarda, don kada a ce ku kuka lalata.

Ku kuma nemi mai gidan da kansa. Wakili la'adarsa yake karewa, kuma ba kowane wakili ne yake son kai wa ubangidansa labarin kashe kuɗi ba. Sau da yawa mai gidan bai ma san ana yi ba. Mijinki ya je da wani dattijo, ya gaishe shi, ya nuna masa hoton, ya ce, "Alhaji, mu baƙi ne, gobe muna iya tashi, amma ginin naka ne, ruwa kuma yana cinsa." Wannan maganar ta fi shiga kunnen mai dukiya fiye da labarin jakunkunan lefe. Gaskiya ce kuma: ruwan da ke kwana a bango yana ruɓar da filasta, yana sa rodi tsatsa, in ya kai ga wayar lantarki kuwa sai dai addu'a. In ya ce ba shi da kuɗi a hannu, ku ba shi mafita: ku yi gyaran, a cire daga kuɗin hayar shekara mai zuwa. Amma a rubuta adadin, ya sa hannu, shaidu biyu su sa, ku adana rasit na kowane buhun siminti. Na ga zumunci da yawa ya mutu a kan "ai mun yi da kai za a cire".

In duk wannan bai yi ba, akwai mai unguwa, akwai ofishin Hisba da ke yin sulhu, akwai kuma 'yan uwana duba-gari a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, waɗanda doka ta ba su ikon duba gida su rubuta wa mai shi takardar ya kawar da abin da ke cutar da lafiya. Sai dai in za ki kira su, ki fara gyara naki ɓangaren, domin idonsu ba ya zaɓe. Ku kuma shirya wa yiwuwar mai gidan ya fusata ya ba ku notis. Shi ya sa nake so tun yanzu mijinki ya fara cigiyar wani gidan a gefe. In ya je dubawa, ya shiga banɗakin ya rufe ƙofa ya shaƙa, ya dafa bango da tafin hannu, ya tambayi maƙwabta yadda lungun yake a watan Agusta.

Yaron kuwa ba zai jira Alhaji ba. Gobe ki kai shi asibiti, ki gaya wa likita a fili cewa ɗakin da yake kwana yana da laima da fumfuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan tun 2009, inda ta nuna zama a gida mai laima yana da alaƙa da tari, da shessheƙar ƙirji, da tashin asma. Tarin dare a ƙaramin yaro yana daga alamomin da likita zai so ya bincika. Kuma duk tarin da ya wuce mako biyu ana so a duba ko tarin fuka ne. Fumfuna ba ta kawo shi, amma kada a jingina mata komai a bar wani ciwon yana ci, ga shi gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada ki ɗauka abin wasa ne don kawai baƙi ne a bango. A Ingila, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disamba 2020, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayarsu ne sanadi. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara, masu gidan suna ɗora laifin a kan yadda iyalin suke zama. Kin ji maganar wakilinku a bakin Bature. Daga baya sai da aka yi doka da sunan yaron, wadda ta tilasta wa hukumomin gidajen haya irin wadda ta ba iyalin gida su gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Ba don in tsorata ki na kawo shi ba, irin wannan ƙarshe ba kasafai ake samunsa ba. Amma daga daren yau ki mayar da shimfiɗarku falo, ke da shi, har a gyara. In kika ga ƙirjinsa yana lotsawa in yana numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ko cikin dare ne ki fita da shi.

Surukarki kuma, ranar da ta sake zuwa, ki kama hannunta ki kai ta ta ɓare ledar da kanta.

TAMBAYA

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Zariya, muna zaune a gidan haya mai ɗaki tara da makewayi ɗaya marar rufi. Ƙasan ya yi kore shar, santsi kamar kuɓewa, shekaranjiya wani ya faɗi ya fasa haɓa. Wannan ma fumfuna ce? Kuma kowa ya ce ba shi zai wanke ba.

Ɗanki, daga Samaru

AMSA

Ɗana, wannan gansakuka ce. Ita haske take so da ruwa mai kwanciya, shi ya sa ta samu gida a makewayinku marar rufi. Ba ta cika taɓa ƙirji ba, ƙashi take karyawa. Ku samu burushi mai tauri da omo, ku gurza, ku ɗauraye, sannan ku bi da ruwan bilic a ma'aunin da na faɗa wa 'yar uwarka a sama. Bayan nan ka zuba bokiti ɗaya na ruwa ka tsaya ka kalli inda ya tafi. In ya kwanta a tsakiya, daɓen ne ba shi da gangara ko rariyar ta toshe da gashi da ledar sabulu. Rariya ku za ku zaƙule da waya. Daɓe kuwa aikin birkila ne na yini ɗaya, ku haɗa hannu, ku tara ɗin, ku je wa mai gidan tare.

Batun wa zai wanke, ɗaki tara ne. Ka rubuta lambobin ɗakunan a kwali, kowane ɗaki da Asabar ɗinsa, ka manna a ƙofar makewayin, ka sa naka a farko. Wanda ya fasa haɓa a ɗaga masa ƙafa sai zagaye na biyu.